Murjanin Da Ya Sha Kanwa

Ran Juma'ar da ta wuce wasu samari biyu suka same ni a rumfata ta Ƙofar Ruwa, inda nake haɗa akwatunan gilashi na kiwon kifi. Ɗaya yana riƙe da waya, ya ce, "Baba Isiyaku, mun kalli aikin nan naku a waya, ashe ba wani abu ba ne. Ruwa ne da gishiri, sai a zuba kifi." Na ce masa gaskiyarsa, miya ma ruwa ce da gishiri, ya je gida yau ya karɓi tukunya daga hannun babarsa mu ga wanda zai ci. Suka yi dariya, suka ce dai suna son koyo. Na ce su dawo ran Litinin. Kafin nan na ga gara in rubuta musu yadda na shigo aikin, don in na fara da baki ba na tsayawa, sai in kai su labarin kakana. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma ta taga na yi rabinsa. In kun ga kuskure a rubutun, laifin tagar ne.

Ni asalina marini ne. A karofin unguwarmu na buɗe ido, ina ɗaukar toka, ina juya baba a rami, har hannuna ya rine ya ƙi komawa. Marini ba shi da ma'auni sai harshensa. Ka tsoma yatsa a ramin, ka murza, ka ɗanɗana, ka san ko toka ta ji ko da saura. Shekara ashirin da wani abu ina wannan, har rinin bature ya cika kasuwa, ramukanmu suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, aka mai da wasu wurin zuba shara. Ina cikin zaman jiran abin da ban sani ba Alhaji Mamman na Shahuci ya aiko kirana. Fatauci yake yi na fata, kuma ni nake rina masa rawani.

Ashe ya je Jidda ya ga wani abu a masaukinsa, ya rantse sai an yi masa irinsa a falo. Ya ɗauko wani Balarabe ɗan Labanan daga Legas, irin waɗanda muke kira Kwara, sunansa Yusufu, ya zo ya kafa akwatin gilashi mai tsawon gadon mutum. Da ya gama sai ya ce yana son wanda zai koya wa kula da shi, ba ruwansa da karatunsa, ya dai zama mai ido a kan launi. Alhaji ya ce, "Ai ina da mutumin da launi ya kama har farcensa."

Ranar da na shiga falon na ga kifaye kamar an yi musu kwalliyar biki, amma Yusufu ya ce in rabu da su, kifi ba shi da wuya. Ya nuna wasu abubuwa a kan duwatsu, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar kunnen giwa. Ya ce da Hausarsa mai tsami, "Wannan murjani. Shi ne maigida." Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen da tsofaffin mata ke ratayawa a wuya. Na ɗauka dutse ne aka jiƙa. Na faki idonsa na sa yatsa na taɓa ɗaya. Abin ya tsuke, gashin jikinsa ya shige ciki. Na yi baya ina salati har na zauna a kan tiren shayin Alhaji. Ran nan na san murjani yana da rai, yana ci, yana fushi, kuma yana gina ƙashinsa da abin da ke cikin ruwa.

Wata biyu na yi a hannun Yusufu. Shawarar farko da na ba shi ita ce, tunda ruwan gishiri ake nema, akwai wata rijiya mai zartsi a Jakara da ko akuya ba ta sha, in ɗebo masa kyauta. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya nuna mini bokitan gishirin da ya taho da su, na musamman, wanda ake damawa da ruwan batir, tataccen ruwan nan da ba komai a cikinsa. Ruwan famfo ma bai yarda da shi ba. Ga wani ma'auni na roba mai allura a ciki, ka cika shi da ruwan akwatin, allurar ta tashi ta tsaya a kan wani zane. In ta wuce gishiri ya yi yawa, in ta gaza ya yi kaɗan.

A nan na yi kuskurena na biyu. Na ga ruwa ya ragu saboda zafi, na dama na gishiri na cika. Kwana huɗu ina haka, allura ta haye sama. Yusufu ya kama kunnensa ya ce, "Isiyaku, miya a kan wuta, ruwa ya tafi, gishiri ya tafi?" Na ce a'a, ƙara ji take. Ya ce, "To!" Tun ran nan, abin da rana ta sha da zallan ruwa nake mayarwa.

Amma zuciyar aikin tana cikin jarkoki biyu da ƙananan kwalabe. Jarka mai jan murfi, abin da ke cikinta shi ne murjani ke gina ƙashi da shi, kamar bulo. Mai shuɗin murfi kuwa kamar siminti take, kuma ita ke hana ruwa yin tsami. Kullum murjani yana shan duka biyun, kullum kana mayarwa da sirinji, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ba a haɗa su lokaci guda. Don ka san nawa za ka zuba sai ka yi gwaji. Ka ɗebi ruwa a 'yar kwalba zuwa kan zane, ka riƙa ɗiga maganin gwaji kana kaɗawa kana ƙirgawa. Ɗigon farko ruwan ya zama shuɗi. Ka ci gaba har ya juye rawaya. Inda ya juye nan ne lissafinka. Yusufu ya ce takwas ake so. Bakwai a yi hattara, tara a dakata.

Nan kam na burge shi. Kafin ruwan ya juye akwai wani kore-kore da yake wucewa kamar ƙiftawar ido, ni ina ganinsa tun yana tahowa, shi sai ya sa tabarau. Na riƙa ɗaga kai a gidan. Duk wanda ya ce mini ina gajiya sai in ce, "Takwas." Har mutanen gida suka sa mini Baba Takwas, sunan da ya bi ni har yau.

Sai shekarar da soja suka koma bariki ta zo. Gari ya cika da hotuna, kowace katanga da fuskar wani yana murmushi, har da ta Alhajinmu, don shi ma ya fito neman kujerar majalisa. Falo ya zama kasuwa. Na taɓa kama wani magoyin baya yana gutsura wa kifi ƙosai, wai ya ga sun rame. Alhaji ya ci zaɓe, aka yi ta kiɗa, ya tattara ya koma Abuja. A tsakanin nan Yusufu ya koma ƙasarsu, mahaifinsa ya rasu, bai sake dawowa ba. Ya bar mini wani littafi na Turanci mai hotuna, da abin da ya rage a jarkoki. Gishiri akwai, jan murfi akwai da dama. Shuɗin murfi ne ya kusa ƙarewa, kuma duk Kano ban san wanda ya taɓa jin sunansa ba.

Na riƙa tsimi, rabin sirinji maimakon ɗaya. Ga bazara ta shigo, in an ɗauke wuta in ruga wajen masu ƙanƙara in ɗaura a leda in saka a saman ruwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar da na kifa jarkar ko ɗigo bai fito ba, gwaji ya ba ni bakwai. Bayan kwana uku shida. Da ya kai biyar sai na ga gindin kunnen giwar nan ya fara fari, naman yana saɓulewa yana barin ƙashi.

A makon Alhaji ya zo hutu da mutane a bayansa kamar an tashi daga masallaci. Ya tsaya gaban akwatin ya ce, "Baba Takwas, yau nawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, biyar."

"To ai sai a canza maka suna." Mutanensa suka fashe da dariya fiye da yadda maganar ta kai. Ya ce, "Ka ga, ni yanzu jama'a ce a kaina. Nan da wata guda zan dawo. In abin nan mutuwa yake, a kwashe a zuba mini tarwaɗa, ko ba komai baƙi sa ci. Tarwaɗa kuwa maigadi ma ya iya."

Na gane maganar. Tarwaɗa ba ta bukatar mai ido a kan launi, karofi kuma babu wurin komawa.

Da suka watse na zauna da jarkar a cinya. Rubutun jikinta ni da shi sai kallo. A bakin murfin akwai wani farin gari da ya bushe. Hannuna ne ya yi abin da ya saba, ban ma yi shawara da shi ba: na dangwala na kai baki. Na tsaya. Na sake dangwalawa. Wallahi kanwa! Mai tsabta, ba ƙasa ba wari, amma kanwa ce, wannan santsin da ɗan ɗacin da ke kama gefen harshe. Abin da Yusufu ke sa a kawo masa ta jirgi, ɗan'uwansa na nan tuli a kasuwa ana ba dawaki.

Na nufi Jakara wajen Hajiya Tabawa, wadda tun ina karofi a wajenta gidanmu ke sayen kanwa. Tsohuwa ce mai baki, da jan murjani zagaye biyu a wuyanta. Na ce ta ba ni ungurnu mafi haske da take da ita.

Ta ce, "Isiyaku, doki ka saya ko ciki ne ya ɗaure?"

Na ce, "Murjani zan ba."

Ta dafa abin wuyanta. "Wane murjanin?"

"Mai rai. A ruwa yake, a gidan Alhaji Mamman."

Ta juya wajen maƙwabciyarta mai daddawa ta ce, "Kin ji, tun da aka rufe ramukan nan na ce mutanen nan sai an sa musu ido. Shekara arba'in ina rataye da murjani bai taɓa ce mini yana jin yunwa ba." Ta ƙulla mini, ta ce in ya ƙoshi in gaishe shi.

Na daka, na jiƙa a ruwan batir, na bar shi ya kwanta, na tace da ƙyalle sau uku kamar yadda muke yi wa ruwan toka. Ya fito garau. Zuwa nan duk daidai na yi, ku rubuta wannan a wani wuri don abin da ya biyo baya. Na ɗanɗana ruwan kanwar, na ɗanɗana na akwatin, na ce a raina wace kwalbar gwaji kuma, ni da na shekara ashirin ina auna rami da harshe. Na cika ludayi biyu na sheƙa. Sai na tuna ban zuba na jan murfi ba ranar, na bi shi da shi nan take.

Kafin in ajiye ludayin ruwan ya turnuƙe fari fat, sai ka ce kunun gyaɗa. Kifi ba a ganinsu. Ina tsaye baki buɗe Malama Hadiza ta shigo, babbar 'yar Alhaji, ma'aikaciyar jinya ce, ta dawo daga aiki da fararen kayanta.

Ta ce, "Baba, koko kake dama musu?"

Na gaya mata abin da na yi, ban rage ba. Ta ɗauki jarkar ta karanta, ta ce hasashena bai yi nisa da gaskiya ba, dangin kanwa ne. Na fara gyara hula. Ta ce, "Kada ka gyara. Da me ka auna?" Na nuna harshena. Ta ce, "Baba, ko maganin da ya dace ne, in na ɗura wa mara lafiya na mako guda a rana ɗaya, gawa zan sallama. Kawo kwalbar."

Muka gwada. Na ƙirga takwas, shuɗi. Goma, shuɗi. Sai a sha huɗu ya juye. Harshen da nake taƙama da shi ya san mene ne abu, amma bai san nawa ba. Biyar da sha huɗu duk ɗaya ya ji su.

Yinin nan muka yi muna kwashe ruwa muna dama sabo, ita da kayan aikinta har gwiwa a jiƙe. Kunnen giwa bai kai kwana uku ba ya zama ƙashi. Wasu biyu suka bi shi. Ƙahon barewa ne kaɗai ya rage, shi ma ya tsuke ya ƙi buɗewa.

Malama Hadiza ce ta kawo dabarar da har yau nake ci da ita. Ta zo da sabuwar robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, muka rataye gorar ruwan kanwa a ƙusa a saman akwatin, ta murɗa 'yar tayar da ke jikin robar har ya zama ɗigo ɗaya, ka ja numfashi biyu, sannan wani. Kafin nan mun gwada a bokiti: sirinji ɗaya na ruwan kanwata yana ɗaga bokiti ɗigo nawa a lissafin gwaji, ta yi lissafin akwatin duka ta rubuta mini da manyan lambobi a bango. Ta kafa mini doka uku. Kada in ɗaga fiye da rabin ɗigo a yini. Jan murfi sai gora ta ƙare da awa shida. Kuma in ta sake ganin yatsana a bakina za ta sa mini filasta.

Muka sauko a hankali, muka tsaya a takwas. Kwana goma ƙahon barewa ya fito da gashinsa. Ni kuma na yi wata dabara tawa ta marasa karatu: na sami tsinken tsintsiya, na jingina shi a jikin gilashi daidai reshen da ya fi tsawo, na karya shi daidai tsawonsa, na soke a hulata.

Ana saura mako Alhaji ya dawo na ga kan rassan ya yi fari. Na kai wa Malama littafin Yusufu, ta yi ta buɗawa har ta sami hoto. Ta ce, "Baba, farin gindi mutuwa ne. Farin kai sabon ƙashi ne, launi bai riga ya hau ba. Girma yake." Na ce ta sake karantawa, ko Baturen ya yi kuskure.

Alhaji ya dawo da rakiyarsa. Ya ga duwatsu sun yi fili, ya ga abu ɗaya da farin kai. Ya ce, "Shi ke nan, wannan ma ya yi furfura. A kira mai tarwaɗa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti ɗaya in kare kujerata, ai yanzu mulkin farar hula ne."

Ya yi dariya ya ce in yi magana. Na zaro tsinken daga hula na jingina a gilashi. Reshen ya wuce shi da kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Na ce ranar kaza na karya shi daidai, Malama shaida ce. Wani daga cikin mutanen ya ce ai tsinke ana iya rage shi. Malama Hadiza daga bakin ƙofa ta ce, "Baba Alhaji, a gabana ya karya, kuma na auna da abin awona." Alhaji ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Da me kake ba shi, tunda na Yusufu ya ƙare?"

Na ce, "Kanwar Jakara."

Ya miƙe ya dubi mutanensa. "Kun ji? Abin teku, da kanwar Jakara. Yau nawa?"

Na ce, "Takwas."

Ya ce a bar mini sunana.

Daga baya muka gano sodar da masu gidan burodi ke amfani da ita ta fi tsabta kuma ba daka ba tata, na yi wata huɗu ina farfasa kanwa a turmi alhali abin yana kanti. Yanzu kuwa jarkokin ma ana kawowa har Kano. Ƙahon barewar nan ya cika rabin akwatin, na riƙa karya reshe ina dasawa. Duk gidan da na kafa wa akwati a garin nan, in kun ga murjani mai launin ruwan ƙasa da farin kai, jikansa ne.

Hajiya Tabawa kuwa, a watannin nan huɗu da nake sayen kanwarta, ba ta bar ni ba. Duk zuwa sai ta ce yaya mai cin kanwa, ya fara haniniya? Rannan na gaji na ɗauko mata tasi na kawo ta Shahuci. Ta cire takalmi tun daga soro, ta shigo tana cewa in dai ƙarya ce sai duk Jakara ta ji. Ta tsaya gaban gilashin. Lokacin 'yar fankar cikin akwatin na kaɗa ruwan, gashin murjanin yana kwanciya yana tashi. Can ta ciro abin wuyanta ta kara a jikin gilashi, ta dubi wannan ta dubi wancan.

Ta ce, "Isiyaku, wannan da wannan abu ɗaya ne?"

Na ce 'yan'uwa ne, nata dai ƙashin ne aka goge.

Ta ce, "Ashe gawa nake ratayawa shekara arba'in." Ta mayar da shi wuya, ta nuna gorar da ke ɗiga. "Waccan kanwata ce?" Na ce ita ce. Ta gyara mayafi ta ce, "Gobe ka zo da wuri in zaɓa masa da kaina. Wadda nake ba ka ta dawaki ce."

To samari, ran Litinin ku zo da hannu a wanke, ba turare ba man shafawa. Ba za ku taɓa kifi ba, ba za ku taɓa gishiri ba. Kwalba zan ba ku ku yi ta ƙirga ɗigo har ku ga koren nan da ke wucewa kafin rawaya. In kuma kun ga na juya baya na kai yatsa baki, kada ku kwaikwaya, kuma kada Malama Hadiza ta ji.